Dokokin Gizo a Kasuwar Tsofaffin Sulalla: Littafin Aiki

11 Janairu, 2025

Naira dubu ɗari da hamsin na ware wa wannan aiki, da sharaɗin babu ƙari. In jari ya ƙare, aiki ya ƙare. Aikin kuwa shi ne in ɗauki dokokin kasuwanci na Gizo in gwada su a saye da sayar da tsofaffin sulalla, in riƙa rubuta wadda ta ci da wadda ta faɗi.

Kada wani ya je neman dokokin nan a bakin kakarsa, babu su a tatsuniya. Mu muka ƙaga su a majalisa muka liƙa wa Gizo, domin duk cikin mutanen tatsuniya shi ne wanda in aka ce ya kama rumfa a kasuwa ba mai mamaki: ga kwaɗayi, ga wayo, ga rashin kunya. Akwai abokinmu da ke karanta su da tsamin bakin Gizon, sai mutane su yi ta faɗuwa don dariya. Sun haura ashirin, lambobinsu kuma ba a jere suke ba, saboda duk wanda ya kawo sabuwa shi ke zaɓa mata lamba. Abin da ya ja hankalina shi ne, in ka cire dariyar, da yawansu abin da 'yan kasuwa ke yi ne kullum, faɗa ne kawai ba sa yi.

Hajar da zan taɓa iri uku ce: sulallan Afirka ta Yamma na zamanin Turawan Ingila, daga 1907 zuwa 1958, na Tarayyar Najeriya na 1959, kafin zuwan naira, sai dalar azurfa ta Mariya Tareza. Ƙwandalar naira ba ta ciki. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana sayar da takardun naira da sulallanta, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira dubu hamsin ko duka biyun. Ina da kwabo na 1973 mai hoton rijiyoyin mai da kwabo ashirin da biyar mai dalar gyaɗa, amma na ajiya ne.

Kayan aiki: ƙaramin sikeli na giram, madubin ƙara girma, mayen ƙarfe, ambulan na takarda, da wannan littafi.

25 Janairu

Dokoki biyu na tafi da su kasuwar Kurmi ta Kano. Doka ta 3: "Kada idonka ya riga bakinka taya kaya." Doka ta 11: "Sayi ƙwarya, bar wa wawa ƙwaya."

Akwai wani dattijo a layin masu kayan gargajiya, rumfarsa cike da likkafu da takubba da tasoshin tagulla da tsakiya. Sulallansa a cikin gwangwanin madara suke. Na bi doka ta 3 sau da ƙafa: na gaishe shi, na ɗauki likkafa ina jujjuyawa, na tambayi kuɗin wata tasa da ba ni da niyyar saye. Ya bar ni na yi ta yi, sannan ya ce, "Malam, in ka gama da likkafar, abin da ya kawo ka yana cikin gwangwanin can."

Na ce, "Baba, ya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Mai son likkafa ƙarfen yake kallo. Kai kana riƙe da ita kana kallon wani wuri."

To, doka ta 3 ta faɗi a gaban wanda ya tsufa a rumfa. Wataƙila ta yi aiki a kan yaron shago. Na kuma lura wasan ɓoye sha'awar nan lokaci kawai yake ci, bai rage ko sisi ba.

Ta 11 kuwa ta yi. Da na tambayi ɗaiɗai, kowane kwabo mai huji da kuɗinsa, kuma da zarar na ware ɗaya gefe sai darajarsa ta tashi, tunda na nuna shi nake so. Da na ce gwangwanin gaba ɗaya fa, sai magana ta sauya, domin shi ma ya gaji da ganinsa. Na taya dubu goma ya ce albarka. Muka yi ta ja har ya sallama a dubu goma sha takwas, ya ƙara mini wasu wuri guda biyar gyara.

9 Fabrairu

Na gama tsince gwangwanin. Sulalla ɗari da arba'in da ɗoriya, mafi yawansu kwabo da ɗari (wato rabin kwabo) na zamanin Sarki Joji na Shida, sai anini (goma ke yin kwabo ɗaya) masu yawa, da 'yan taro da sisi.

Nan ne na ga gibin doka ta 11. Sayen ƙwarya ba ya amfanar wanda bai san ƙwayar da yake nema ba, kuma a wannan sana'a abu uku ne ke raba ƙwaya da ƙwaya: shekara, ƙarfe, da wani ɗan harafi da ido ba ya gani sai da madubi.

Shekara da ƙarfe tare suke tafiya. Anini na farko, na 1907, da alminiyam aka buga shi, yana cikin sulallan alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure ba, ƙarfen ya riƙa cinyewa, sai a 1908 aka koma garwayen tagulla da nikel. Shi ya sa samun mai lafiya yake da wuya, kuma babu ko ɗaya a gwangwanina. Na farkon nan suna ɗauke da sunan Najeriya a jikinsu, daga 1912 aka cire, shekarar da aka kafa hukumar kuɗi guda ta yankunan Ingila na Afirka ta Yamma. A 1913 hukumar ta fito da taro da sisi da sule da fataka (wato sule biyu) na azurfa, kashi 925 cikin dubu. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, a shekarar kuma aka watsar da ita aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Masu buga jabu suka samu abin yi, har a 1938 aka sake ƙarfen aka yi wa gefen manyan wani tsagi don a wahalar da su. A 1952 masu hujin suka koma jan ƙarfe. Wanda ya haddace waɗannan shekaru zai iya tsince gwangwani da ido ɗaya.

Harafin kuwa alamar gidan da ya buga ne. H na gidan Heaton ne a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria a Afirka ta Kudu, wanda ba shi da harafi kuma na gidan buga kuɗi na masarautar Ingila ne. Kwabo biyu masu shekara ɗaya, harafi kawai ya bambanta su, sai ka ga ɗaya ba mai waiwayarsa, ɗaya kuma ana nemansa ruwa a jallo. Akwai sule na 1920 mai harafin G wanda masu tarawa ke mafarkinsa. Na duba duk sulen da ke hannuna, ba don ina tsammani ba, don dai haka sana'ar take.

Abin da ya fito mai daraja guda ɗaya ne: wani sule da ya yi baƙi ƙirin, na 1916, mai bishiyar kwakwar manja. Sabon irinsa giram 5.66 ne, wannan ya ɗan goge amma bai yi nisa ba. Azurfar da ke jikinsa kaɗai ta kusa biyan rabin kuɗin gwangwanin. Sauran sai a hankali.

Wani abu da ba ruwansa da ciniki: tauraron nan mai kusurwa shida da ke jikin masu huji, da rubutun Larabcin da ke ɗaya fuskar, sun fi kan kowane sarki kyau a idona.

16 Maris

Azumi ya rage zirga-zirga, sai na gwada doka ta 7 daga gida: "Labari ya fi ƙarfe nauyi."

Cikin gwangwanin akwai kwabo biyu na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, lafiyarsu kusan ɗaya. Na sa hoton na farko a wani zauren WhatsApp na masu sha'awar kayan tarihi, na rubuta shekara da harafi kawai. Bayan an kwana biyu na sa na biyun, na haɗa da labarinsa: sarkin da ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disamba don ya auri wata Ba'amurkiya da ta taɓa aure, wanda a Ingila kanta ba a kashe ko sule ɗaya mai sunansa ba, amma kakanninmu suka sayi goro da kwabonsa. Duk gaskiya ne, ban ƙara gishiri ba. Na farko da ƙyar aka taya. Na biyu mutum huɗu suka yi magana, tayin kuma ya ninka na farkon sau uku.

Sai wanda ya fi tayi ya rubuto: "Yallaɓai, da gaske ba a samun irinsa?" Ya ji labarin fam ɗin zinaren sarkin nan na gwaji da aka sayar fam miliyan ɗaya a Ingila a 2020, ya ɗauka dangi ne. Nan Gizo zai yi gyaran murya ya ce Allah ne masani. Ni na gaya masa miliyoyi aka buga, a nan da Afirka ta Gabas da Fiji da Sabuwar Gini, tunda masu huji ba sa buƙatar hoton kan sarki, suna kawai ake sawa. Ya rage tayinsa, ya saya duk da haka.

Hadisin Hakim bin Hizam ya riga ya yanke wannan: mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya a shafe ta. Hukuncina a kan doka ta 7: ta tsaya daram. Labari haja ne, kuma wanda ya yi wahalar saninsa yana da hakkin ya ci ribarsa. Inda take rikiɗa ta koma algus shi ne kalma ɗaya, "babu irinsa".

20 Afrilu

Doka ta 15: "Mai walƙiya shi ke kiran mai saye."

Na ɗauki kwabo biyu na 1952 da ba su da wata daraja, na goge ɗaya da lemun tsami da toka yadda ake wa tasa, na bar ɗaya da duhunsa. Duk wanda na nuna wa a unguwa mai ƙyallin ya zaɓa. Wani mai tarawa a Legas da na tura wa hoto kuwa bai ko tsaya ba, ya ce wannan an kashe shi. A ƙarƙashin madubi gaskiyarsa ta fito: fuskar duk zane-zanen ƙarce ne. Kamfanonin Amurka da ke tantance sulalla suna ba da maki daga 1 zuwa 70, ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, amma wanda aka goge ba sa ba shi lamba, sai dai su rubuta an goge. Dokar tana aiki a kan wanda zai saya sau ɗaya ya sa a maƙallin makulli. Wanda ke biyan kuɗin kirki duhun yake biya.

18 Mayu

Wannan ce dokar da majalisa ta fi yi wa dariya, ita ce kuma ta 1: "Wanda bai san abin da ke hannunsa ba, ajiya aka ba shi."

Wani abokin aiki ya kai ni ƙauyensu a arewacin Kano, wurin wata tsohuwa da mijinta ya yi awon gyaɗa a zamanin da. Ana gyaran ɗaki aka fito da adakarsa, a ƙasanta aka tarar da wani ƙunshi. 'Yan gwangwan sun riga sun zo sun taya a kilo. Ta zazzage mini a faifai ta ce, "Ɗan nan, duba ka gani. In da abin da zai yi maka amfani ka ba ni na goro ka kwashe, tsofaffin kuɗi ne, ba sa sayen komai."

Kallo ɗaya na yi na san wannan ba gwangwanin Kurmi ba ne. Mutumin ya san abin da yake ajiyewa. Fataka da sule na azurfa ne tsakanin 1913 da 1919, wasu ko gogewa ba su yi ba, ganyen bishiyar duk a fili. Kowace fataka giram 11.31 ce, azurfarta zalla ta haura giram goma. Da alama lokacin da masu ruwan ɗorawa suka shigo ya riƙa kashe sababbin yana ɓoye na azurfa, abin da mutane ke yi a ko'ina in aka haɗa musu kuɗi mai kyau da maras kyau a daraja ɗaya.

Da naira dubu biyar Gizo zai tashi da faifan nan, a bi shi da addu'a. Ban gwada ba, kuma ban ɓoye wa majalisa dalili ba. A hadisi an hana tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su isa kasuwa su ji farashi, illar kuwa ita ce cin jahilcin mai kaya. Tsohuwar da ba ta san azurfa ce a faifanta ba, ban ga bambancinta da bafataken da bai iso gari ba.

Na ce, "Iya, waɗannan azurfa ne. A kira wani namiji a gidan a auna a gabansa." Aka kira jikanta, saurayi mai waya a hannu. Na auna, na gaya masa abin da maƙeran fari ke biya a giram, na ce zan ɗora wani abu a kan masu lafiya, in kuma bar wa kaina ribar wahala.

Ga inda labarin ya ƙi tafiya yadda masu wa'azi ke so. Yaron ya shiga intanet, ya ga wani a ƙasar waje ya sa wa irin fatakar nan kuɗin da in ka juya shi naira zai sayi babur. Nan take fuskarsa ta canza. Na yi masa bayanin cewa abin da mutum ya nema daban, abin da aka biya daban, ya duba waɗanda aka riga aka sayar. Ko a jikinsa. A ganinsa tunda na yarda azurfa ce, to lallai akwai wani abin da na rage ban faɗa ba. Ya tsince masu kyau duka ya mayar ƙunshi, ya bar mini gogaggu. Tsohuwar ta ce, "Kai wane, mutumin nan fa shi ya gaya mana," ya ce, "Iya ki bari kawai."

Na sayi gogaggun a kan dubu sittin da biyu. In lissafin aljihu za a bi, doka ta 1 ta ci, kuma ci mai yawa, ba zan rubuta akasin haka ba. Na dai ja mata layi a littafi, ba za a sake kawo ta ba. Yaron ma ban ga laifinsa sosai ba. Wanda aka saba zuwa ana tayawa a kilo, dole ya zargi wanda ya zo da sikelin giram.

14 Yuni

Bayan Babbar Sallah wani dillali ya kawo dalar Mariya Tareza guda uku, yana rantsuwa shekararsu ɗari biyu da arba'in da biyar, ga 1780 a jiki. Ai kowace 1780 ce a jiki. Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a shekarar, fataken Larabawa da na Habasha kuma ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama, sai aka ci gaba da bugawa da tsohuwar shekarar: a Biyana, daga baya a Rum da Landan da Faris da Brasels da Bombay da Birmingham. Ɗaruruwan miliyoyi ne, har yau kuma ana bugawa a Biyana. Ta hanyar Sahara ta iso Borno da Kano. Lokacin da Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya zo Kano a 1851, wuri dubu biyu da ɗari biyar ake ba da dala ɗaya, wato keso guda na wuri dubu ashirin dala takwas ke nan. Da yawan awarwaro da zobban kakanninmu daga jikinta aka narko su.

Mai kyau giram 28.07 ce, azurfa kashi 833 cikin dubu, da rubutu mai tudu a kewayen gefenta. Biyu sun cika awo. Ta ukun ta tsaya a ashirin da huɗu da 'yan kai, rubutun gefenta a cushe, in ka ƙwanƙwasa ta ba ta da amo. Mayen ƙarfe bai kama ta ba, amma wannan ba shaida ba ce, tagulla ma ba ya kama ta. Na tura masa ita gefe. Ya ce, "Wallahi Malam haka aka ba ni," na kuma yarda da shi. Na ɗauki biyu, na biya la'ada.

Kafin nan na tambayi malaminmu, ya ce azurfa da kuɗi hannu da hannu ake yi, babu bashi, babu "zan turo da yamma". Saboda haka sai da kuɗi suka shiga wayar dillalin muna zaune sannan na sa su a aljihu.

Doka ta 19 kuwa, "An sallama, an binne," a gefen sayarwa na gwada ta, ta hanyar saɓa mata. Na sayar da dala ɗaya, na ce wa mai sayen ya kai wa duk maƙerin da ya yarda da shi, in aka ce jabu ce ya dawo da ita ya karɓi kuɗinsa. Dama hakkinsa ne in aibi ya bayyana, furtawa kawai na yi. Bai nemi ragi ba. A kasuwar da kowa ke tsoron jabu, maganar nan ita kanta tana da farashi, Gizo kuma yana zubar da shi a banza.

3 Agusta

Damina ta shiga akwati. Wasu kwabo da suka zo a cikin leda mai laushi sun fara kore, na mayar da su ambulan na takarda na sa a wuri busasshe.

Mutum biyu sun kira suna neman kwabo mai huji "mai jan shinkafa", wai akwai wani sinadari a ciki da Turawa ke saye da miliyoyi. Babu wannan sinadari, tagulla ce da nikel. Akwai doka ta 22 da ta dace da su, "Kuɗin wawa ma kuɗi ne," amma wanda ya sayi kwabo dubu ɗari yau, gobe da 'yan sanda zai dawo.

12 Oktoba

Azurfa ta haukace. A farkon shekara oza ɗaya, wato giram 31.1, tana wajen dalar Amurka talatin. A makon nan ta haura hamsin, matakin da ta taɓa leƙawa a 1980 da 2011 ta faɗo. Maƙeran fari da a da sai ka bi su, yanzu su ke kira.

Doka ta 10: "In kowa na shiga kasuwa, kai nemi ƙofa." Na bi ta. Na kwashi gogaggun da na saya a ƙauye na kai wa wani maƙeri, ya auna ya biya ba tare da ya ko kalli shekara ba. Na tsaya ina kallon ya watsa su cikin wani kwano tare da karyayyun 'yan kunne. Fatakar da ta wuce shekara ɗari tana yawo, jibi zobe ce.

Ban ji daɗi ba, ban kuma ga dalilin yin kuka ba. Wadda kan sarkinta ya shafe, shekararta ba ta karantuwa, mai tarawa ba zai biya fiye da nauyinta ba. Abin tsoro shi ne masu lafiya su bi su, domin idan farashin ƙarfe ya kamo farashin mai tarawa, kwanon maƙeri ya fi kusa, ba ya tambaya, ba ya jira. Duk tashin azurfa irin wannan yana rage adadin da ya saura a duniya, kuma ba wanda ke ƙirgawa. Na cire uku da shekararsu ke fita sosai kafin in miƙa sauran.

Ko na yi gaggawa? Mai yiwuwa ta ci gaba da hawa. Dokar ba ta ce ka san ƙololuwa ba, ta ce ka fita da riba a hannu, kuma ribar wannan rana ita ce mafi girma tun da na fara.

23 Nuwamba

Lissafi. Tsabar kuɗi a hannu naira dubu ɗari da saba'in da ɗaya, wato jari ya dawo da ɗoriyar dubu ashirin da ɗaya, ban cire kuɗin mota ba. Kusan duk ribar daga tashin azurfa ta fito, abin da ni da Gizo ba mu da hannu a ciki. In ka ware wannan, cinikin masu huji ɗaiɗai da ƙyar yake biyan kuɗin data.

Sai kayan da suka rage, inda doka ta 6 ke jirana: "Kada ka auri hajarka." Akwatin da na rubuta wa "ba na sayarwa ba" ya fi na sayarwa nauyi yanzu. Sulen 1916 yana ciki, da dala ɗaya, da fataka ukun nan, da cikakken jerin 1959: ɗari da kwabo masu huji, taro mai gefe goma sha biyu da auduga a bayansa, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwa, fataka mai gyaɗa. An taya jerin da kyau na ce albarka, alhali ba ƙarin kuɗi nake jira ba. Mai tarawa da ɗan kasuwa kamar kishiyoyi ne a gida ɗaya, kowace na ganin ɗayar ce ke cinye cefane. A majalisa sun ce dokar ba faɗuwa ta yi ba, ƙin gwada ta na yi, saboda haka an sa mini wa'adi: kafin azumi in sayar da abu ɗaya daga akwatin, su za su zaɓa.

Saura doka ta 8, "Ƙoƙi ma mai saye ce." Ƙanin maiɗakina, malamin firamare, yana son anini da ɗari da kwabo da taro da sisi ya nuna wa ɗalibansa, ya kuma ce, "Yaya, faɗi kuɗinsu, ba kyauta nake so ba." Ban ba shi amsa ba tukuna. Ina kuma shirin leƙa Maraɗi in ga ko za a samu faran-faran na alminiyam na 1948 na yankin Faransa, don in gwada ko doka ta 11 tana aiki da sefa.

Jikan tsohuwar nan ya kira shekaranjiya. Ya ji azurfa ta tashi, wani maƙeri ya taya masu kyan a nauyi, yana so ya ji ko zan ɗora. Na ce zan ɗora, amma kada ya goge su kafin in zo. Ya yi shiru, sannan ya ce guda biyu kawai ya goge. Mun yi da shi ranar Asabar.